Hunturu ɗaya da dinyar Svalbard a gaɓar Solway

Asabar, 30 ga Satumba 2023

Sun fara isowa. Wajen ƙarfe bakwai da rabi na safe ina jingine da shingen wata gona kusa da Caerlaverock, a gaɓar mashigin tekun Solway, kudu da garin Dumfries a Sikotland, sai na ji hayaniya daga sama kamar an saki ƙananan karnuka masu yawa suna haushi a lokaci guda. Ko da na ɗaga kai, ga su nan layi bayan layi. Suka yi shawagi sau biyu a kan fadamar bakin teku, sannan suka zubo ƙasa. Ba su tsaya hutawa ba, suna dira suka sa baki a ciyawa.

Ba ta kai dinyar fadamarmu ta Haɗeja girma ba, nauyinta da kyar yake kai kilo 2. Fuskarta fara ce sol, wuya da ƙirji baƙi wuluk, baya ruwan toka mai ratsi-ratsi. A nan barnacle goose suke ce mata, ni kuwa a littafin nan dinya mai farar fuska zan riƙa kiran ta. A tsibiran Svalbard na ƙasar Norway take ƙyanƙyasa, can kusa da ƙarshen duniya ta arewa, kuma tafiyar da ta kawo ta nan ta kai kusan kilomita 3,000, tare da yada zango a wani tsibiri guda da ke tsakiyar teku mai suna Bjørnøya. Yadda muke duban shamuwa mu ce damina ta kusa, haka mutanen gaɓar nan suke jin wannan haushi su ce sanyi ya zo.

Aikin da na ɗauka na hunturun bana shi ne ƙirga 'ya'yan bana a cikin garke, don a ga ko giɓin da murar tsuntsaye ta yi shekara biyu da suka wuce yana cikewa. Malamata ta ƙara min da auna yawan kiwon da suke yi a gonaki uku, da karanta zobban da ke ƙafafunsu duk lokacin da hali ya yi. Kayan aikina madubin hangen nesa ne mai ƙafa uku, da 'yar na'urar ƙirga da ake latsawa da babban yatsa, da takalmin ruwa, da wannan littafi.

Asabar, 14 ga Oktoba

Yanzu fadamar ta cika. Mako biyu ke nan ina koyon raba ɗan bana da babba, kuma abin ya fi yadda na zata wuya, domin a tsawo da kauri ɗan wata huɗu ya riga ya kamo uwarsa. A fiffike sirrin yake. Ratsin bayan babba a tsare yake, baƙi da fari da toka kowanne da iyakarsa, kamar saƙar gwani. Na ɗan bana a dagule yake, kamar an wanke zane launi ya zuba. Baƙin wuyansa ma bai nuna sosai ba, akwai dishi-dishin toka a ciki, fuskar kuma ba ta yi hasken ta iyayen ba. Idan rana ta fito ta bayana, ina gane su nan take. Idan gari ya lumshe aka fara yayyafi, sai kowa ya zama ruwan toka.

Dole a yi wannan ƙirga yanzu. Kafin tsakiyar hunturu yaran za su sake gashi, su saje da manya.

Takardun makon farko duka na ajiye su gefe, ba za su shiga lissafi ba. Abin da ya faru shi ne na riƙa ƙirga tsuntsayen da suka fi kusa da ni, wato na bakin garke, sai na ga yara sun yi yawa har na fara murna. Da na nuna wa malamata, sai ta ce in koma in ƙirga tsakiya da baya. Na koma, na tarar yaran ƙalilan ne a can. Dalili kuwa, dinya tana da sarauta a tsakaninta. Iyali mai 'ya'ya da yawa ya fi ƙarfin mai 'ya'ya kaɗan, ma'aurata marasa 'ya'ya suna bayansu, gwauraye su ne na ƙarshe. Masu ƙarfi su ke gaba inda ciyawa sabuwa take, saura su bi sawu su tsinci abin da aka bari. Wanda ya ƙirga gaba kawai zai ce an yi shekarar albarka ko da ba a yi ba. Daga yau zan riƙa ratsa garke da madubi daga wannan gefe zuwa wancan, kowane tsuntsu da na gani sarai in latsa masa, wanda ban gani da kyau ba in tsallake shi.

Lahadi, 29 ga Oktoba

Daren jiya aka mayar da agogo baya da awa ɗaya, kuma wata ya cika. Da safe na tarar gonakin kusan wayam, tsuntsayen suna zaune a kan yashin da teku ta janye ta bari, wasu da kai a cikin fiffike. A ƙa'ida a can suke kwana, inda yanyawa ba ta iya zuwa ba tare da an hango ta ba, da asuba su tashi zuwa kiwo. Amma idan farin wata ya yi haske sukan yi kiwon dare, da safe su yi ta barci.

Tun da ba abin ƙirgawa, na zauna da wani dattijo ɗan sa-kai da ya daɗe yana wannan aiki, muka sha shayi daga gorarsa. Hirar ta koma kan tarihi, wanda na karanta a takarda amma bai taɓa shiga jikina ba sai da na ji shi ina kallon wurin. A ƙarshen shekarun 1940 dinyar Svalbard gaba ɗayanta ba ta wuce kusan 300 ba. Ana harbin ta a nan, ana kwashe mata ƙwai a can. Tsuntsu 300 ko kusurwar gona ɗaya ba za su rufe ba. A 1954 dokar kare tsuntsaye ta Biritaniya ta hana harbin ta, Svalbard ta bi baya a 1955. A 1957 aka keɓe fadamar Caerlaverock ta zama gandun halittu na ƙasa. A farkon shekarun 1970 ƙungiyar kare tsuntsayen ruwa da fadamu ta WWT, wadda Peter Scott ya kafa a 1946, ta karɓi gonar Eastpark ta riƙa noma ciyawa domin dinya kawai, a 1973 kuma Norway ta keɓe wasu ƙananan tsibiran Svalbard inda tsuntsaye ke sheƙa. Sannu a hankali lissafi ya riƙa hawa, har ya haura 40,000 kafin annobar murar tsuntsaye.

Abin da ya sa wannan ceto ya yiwu shi ne kusan duk zuriyar a gaɓa ɗaya take hunturu. 'Yan'uwanta na Girinlan sun warwatsu a tsibirin Islay da sauran tsibiran yammacin Sikotland da gaɓar Ayilan. Na arewacin Rasha, waɗanda suka haura miliyan, suna Holan da Jamus. Ta Svalbard kuwa Solway ta sani. Ka kare 'yan kilomitoci na fadama, ka kare ta duka. Na faɗa wa dattijon haka, sai ya gyaɗa kai ya ce in tuna da wannan magana idan muka zo zancen mura.

Asabar, 18 ga Nuwamba

Ƙirgar yara ta kusa kammala, na koma kan kiwo. A kowace gona cikin ukun na kafa turaku 12. Duk mako nakan ɗaura igiya mai tsawo ɗaya a jikin turke in zagaya, in ƙirga kashin dinya da ke cikin da'irar, in kwashe shi in jefar waje domin mako mai zuwa a fara daga sifiri. Hanya ce mai sauƙi kuma tana aiki, saboda cikin dinya ba ya riƙe abinci. Ciyawa takan ratsa ta cikin 'yan awoyi kaɗan, abin da take narkarwa ƙalilan ne, shi ya sa ba ta daina ci kuma duk bayan 'yan mintoci sai ta yi kashi. Yawan kashi a wuri shi ne yawan lokacin da aka yi ana kiwo a wurin, har da na dare da ido bai gani ba. In ka murza busasshensa a hannu, ciyawa ce zalla. A Svalbard har barewar ƙanƙara takan bi bayan dinya tana cin sa.

Asalin abincinta yana fadamar gishiri, wadda mutanen nan ke kira merse, shimfiɗaɗɗen fili da teku ke hawa idan ta cika sosai. Akwai gajeriyar ciyawa mai jure gishiri, da wani ɗan tsiro mai ganye uku da take tono jijiyoyinsa masu yaɗo. Da rani ana sakin shanu a fadamar da gangan, domin bakin dinya gajere ne, doguwar ciyawa ba ta yi mata. Amma fadama ba za ta ɗauki dubun-dubatar tsuntsaye ba, ga kuma gonaki a bayan shinge da aka zuba wa takin zamani, kore shar. Ko ni ne dinya, can zan nufa.

Mai ɗaya daga cikin gonakin ya same ni a durƙushe ina ƙirga. Mutum ne mai fara'a, amma bai ɓoye min komai ba. Ya ce ciyawar da suke ci a Maris da Afrilu ita ce wadda yake tanadar wa tumakinsa masu haihuwa, ita ce kuma za ta zama ingiricin shanunsa. Idan ƙasa ta jiƙe, dubban ƙafafu sukan tattake ta ta zama kamar daɓe. Akwai tsarin da gwamnati ke biyan manoman yankin ta hannun NatureScot, hukumar kula da halittun daji ta Sikotland, don su bar dinya ta yi kiwo a wasu gonaki ba tare da kora ba, shi ma yana ciki. Ya ce ba ya ƙin tsuntsayen, tun yana yaro yake jin kukansu, abin da yake so kawai a riƙa auna asarar da gaskiya.

Da dare na kira gida na ba Baba labari. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai yaro, tsaya. Tsuntsu ya ci gonar mutum, hukuma ta biya shi don kada ya kore shi?"

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya ce, "To mu da jan-baki ke sauka a shinkafarmu, mu kwana muna kaɗa gwangwani, wa ya taɓa tambayar mu?"

Ban da amsar da zan ba shi. Amma maganarsa ta gyara min tunani a kan turakun nan. Da ina ganin su a matsayin ƙaramin ɓangaren aikin. Yanzu na gane su ne wurin da hakkin manomi yake shiga lissafi, kuma duk kariyar da aka ɗora a wuyan mai gona shi kaɗai ba za ta daɗe ba.

Lahadi, 3 ga Disamba

Sanyi mai tsanani tun tsakiyar mako. Jiya dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi a Cumbria, tsallaken ruwa ta ɓangaren Ingila. A nan ciyawa ta daskare, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Tsuntsayen ba su fara kiwo ba sai da rana ta ɗaga, kuma da yawansu a kwance suke ci, ƙafafu a cikin gashi. Na tsaya nesa fiye da kullum. A irin wannan rana duk tashin da aka sa su yi, ƙarfi ne ya tafi wanda ba su da lokacin mayarwa kafin duhu.

Juma'a, 22 ga Disamba

Rana mafi gajarta a shekara, haske awa 7 da 'yan mintoci. A can Svalbard yanzu rana ba ta fitowa sam.

Na tsinci gawar dinya a bakin wani rafi da ke ratsa fadamar. Babba ce, ba rauni a jikinta da ido zai gani. Ban taɓa ta ba. Na ɗauki hoto, na rubuta wurin, na kai rahoto kamar yadda aka umarce mu, na wanke takalmina da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin in shiga wata gona. Cikin dubban tsuntsaye dole wasu su mutu kowane mako, tsufa ko yunwa ko karo da wayar lantarki. Duk da haka sai da gabana ya faɗi, na dawo da madubi na yi ta bin garken ɗaya bayan ɗaya ina neman mai karkace wuya ko mai juyi a wuri ɗaya. Ban ga ko ɗaya ba.

Waɗanda suka ga hunturun 2021 zuwa 2022 ba sa son tuna shi. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta shiga garken tun farkon sanyi. Dattijon nan ya ce da safe in teku ta janye, sai ka ga gawarwaki jere a layin da ruwa ya tsaya, har iya ganinka. Kafin bazara kusan kashi ɗaya cikin uku na dinyar Svalbard duka ya tafi. Abin da aka tara cikin shekaru masu yawa, wata huɗu ko biyar suka zabtare shi. A hunturun da ya biyo baya cutar ta faɗa wa na Girinlan a Islay.

A nan na tuna gargaɗinsa na Oktoba. Taruwa wuri ɗaya da ta sa aka iya ceton su daga bindiga, ita ce ta miƙa su ga cuta. Suna kwana a manne da juna, suna shan ruwan kududdufi ɗaya, suna kiwo a kan kashin juna. Shinge ba ya tare wannan, doka ma ba ta tare shi. Ni da na taso ina jin labarin 2006, lokacin da aka fara tabbatar da H5N1 a nahiyar Afirka a wata gonar kaji a jihar Kaduna, na ɗauka cutar masu kiwon kaji ce. A cikin kiwon kaji da agwagi ta samo ƙarfinta, gaskiya ne, amma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Yanzu tana yawo a jikin tsuntsayen daji daga nahiya zuwa nahiya, kuma fadamun Haɗeja da Nguru ma suna karɓar baƙin agwagi daga Turai kowace shekara.

Abin da ke hannun mutane kaɗan ne: a rage tayar musu da hankali, a daina ƙara musu wata asara, a tabbata akwai ciyawar da za ta ƙosar da waɗanda suka tsira su koma su hayayyafa, a kuma ci gaba da ƙirga. Wannan na ƙarshen ne rabona.

Talata, 23 ga Janairu 2024

Guguwar da aka sa wa suna Isha ta wuce daren Lahadi, wata kuma tana tafe yau. Gonar da ta fi kusa da teku ta zama tafki, turaku biyar sun tafi, kashin da ya taru ruwa ya wanke shi. Na rubuta mako biyu a matsayin babu bayani a wannan gona. Zan sake kafa turakun da zarar ruwa ya janye, a daidai inda suke, tun da na adana wurarensu a waya.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Iska ta kwanta, haske ya yi kyau, na samu zobba. Zoben roba ne mai launi, da haruffa biyu ko uku manya da ake iya karantawa daga nesa, in dai tsuntsun ya fito daga ciyawa kuma bai tsaya da ƙafa ɗaya ya ɓoye mai zoben ba. Wani sai ka yi minti ashirin kana jiran ya juya. Ana sa wasu a nan da raga, wasu kuma a Svalbard a tsakiyar rani, lokacin da manya suka zubar da gashin fiffike ba sa iya tashi, sai a kora su cikin shinge kamar tumaki. Duk wanda ya karanta zobe yakan aika, a haɗa da na wasu, da haka ake sanin wa ya auri wa, wa ya rayu, wa ya ɓace. Daga zobban nan aka san cewa yawancinsu aure ɗaya suke yi har mutuwa ta raba, kuma akwai masu haura shekara 20.

Akwai wani iyali da nake bi tun Oktoba saboda uban yana da zobe: shi da matarsa da 'ya'ya huɗu. Yau na same su a gona ta biyu, 'ya'ya uku. Na jira ko na huɗun yana bayan wani, har suka tashi, biyar suka tashi. Na rubuta uku.

Idan na dubi ukun nan nakan tuna abin da suka tsallake kafin su zo. Uwar takan yi ƙwai huɗu ko biyar a farkon rani, ta kwanta a kansu kusan kwana 25, ba ta tashi sai na ɗan lokaci, tana rayuwa da kitsen da ta tara a hanya, mijin yana tsaye yana gadi. Don gudun yanyawar ƙanƙara sukan yi sheƙa a ƙananan tsibirai ko a kan duwatsu masu tsayi. Waɗanda aka ƙyanƙyashe a kan dutse, tun ba su kwana biyu a duniya ba sai sun yi tsalle sun faɗo ƙasa, domin iyaye ba sa kawo abinci sheƙa. A ƙasa kuma ga yanyawa, a sama ga manyan tsuntsayen teku masu haɗiye ɗan tsako.

Yanzu an samu sabon maƙiyi. Svalbard tana cikin wuraren da suka fi saurin ɗumama a duniya. Farin beyar a kan ƙanƙarar teku yake farautarsa, to ƙanƙarar tana narkewa da wuri, sai ya hauro tudu da yunwa a daidai lokacin da dinya ke kwanci. Ruwan da ya hana yanyawa isa tsibiri ba ya hana shi, gwanin iyo ne. Masu bincike 'yan Holan da suka shafe shekaru suna zuwa gaɓar yammacin Svalbard sun ga yadda beyar ke bin sheƙa ɗaya bayan ɗaya, a wasu shekarun ya cinye mafi yawan ƙwan tsibiri guda. A ɗaya hannun kuma, narkewar dusar ƙanƙara da wuri tana buɗe wurin sheƙa da ciyawa da wuri. Ɗumamar tana ba su da hannun dama tana karɓewa da na hagu, kuma sakamakon wannan ciniki shi ne abin da na'urar da ke hannuna take latsawa a gonar wani manomi a Sikotland.

Asabar, 16 ga Maris

Azumi ya kama tun farkon mako, kusan awa 14 a nan. Na mayar da zagayen turaku zuwa safiya. Sanyi yana sa ƙishirwa ba ta damu, yunwa ce ke zuwa da wuri.

Kiristoci ma suna cikin nasu azumin na kafin Ista, shi ya jawo dattijon ya ba ni labarin asalin sunan tsuntsuwar. Mutanen zamanin da dai ba su taɓa ganin ƙwanta ko sheƙarta ba, tun da a inda ba wanda ya taɓa zuwa take haihuwa. Suna dai ganin ta fito daga teku da kaka. Suna kuma ganin wata halittar ruwa mai ɓawo fari da dogon wuya baƙi tana manne da itacen da teku ta turo. Sai suka haɗa biyu da biyu suka ce daga nan dinya ke fitowa. Wani malamin coci, Gerald na Wales, ya rubuta haka a ƙarni na 12, har ya ce wasu limaman Ayilan suna cin ta a ranakun azumi da aka hana nama, wai ai ba daga nama ta fito ba. Har yau a Turanci suna ɗaya, wato barnacle, tsuntsuwar da halittar ruwan suke amsawa.

Ban ga abin dariya a wurin mutanen nan ba. Sun ga rabin rayuwar tsuntsu ne, suka cike sauran da abin da hankalinsu ya ba su. Ni ma rabin nake gani. Bambancin kawai, akwai wani a Norway da wani a Svalbard da ke riƙe da sauran, kuma zobe yana haɗa littattafanmu.

Asabar, 13 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Laraba, na yi ta a Glasgow, jiya na dawo. Cikin 'yan kwanakin nan gari ya canja. Ciyawa tana tsiro da ƙarfi, rana ta yi tsawo, dinya kuma ci take yi ba ji ba gani. Turakun gonar manomin nan sun fi kowane lokaci cika, daidai yadda ya faɗa min a Nuwamba, ga kuma 'yan tumakinsa sabbin haihuwa a gona ta gaba. Na nuna masa takardun makonnin nan da hannuna, ya duba ya ce in ba shi kwafi idan na gama. Zan ba shi.

Malamata ta koya min duban ƙiba. Ana kallon tsuntsu ta gefe, a duba cikinsa tsakanin ƙafa da wutsiya: a shafe yake, ko ya fara zagaye, ko ya yi tumbi har yana neman taɓa ciyawa. Kowane mataki da lambarsa. Myrfyn Owen, wanda ya yi shekaru yana nazarin wannan garke, shi ya tsara hanyar. Matan sun fi mazan cika, kuma haka ake so, domin kitsen nan shi ne kuɗin mota, shi ne ƙwai, shi ne abincin kwanci. Matar mai zoben nan ta yi tumbi sosai. Mijin ya fi ta tsayawa da kai a sama yana korar masu matsowa, ita tana ci. Yaran uku suna nan, amma sun fara ja da baya, wani lokaci uban ma yakan kai musu cizo.

Da yawa sun riga sun koma gabas zuwa fadamar Rockcliffe ta ɓangaren Ingila, inda suka saba taruwa kafin tafiya. Daga nan sai gaɓar Norway, su yi 'yan makonni suna ƙara ƙiba. Da tsibiran Helgeland ne zangonsu. A shekarun baya-bayan nan da yawa sun koma Vesterålen, can arewa, inda ɗumamar yanayi ta sa ciyawa ke fitowa da wuri fiye da da, kuma bayanan zobba sun nuna matasa ne suka fi saurin sauya zango, manya sun fi riƙe inda suka saba. Manoman can ma suna da irin kukan manomin nan.

Asabar, 4 ga Mayu

Gonaki uku duka shiru. Na cire turaku, na wanke su, na ɗaure su a buhu. A fadama saura 'yan tsiraru, su ma kansu a sama yake. Rabon da in ga iyalin mai zobe tun 24 ga Afrilu, da yamma, su biyar, a gefen garke ta arewa.

Saura aikin tebur. Takardun ƙirgar yara na Oktoba da Nuwamba zan shigar a kwamfuta a haɗa su da na sauran masu ƙirga, domin nawa kaɗai ba ya isa a yanke hukunci a kan shekara. Lissafin turaku yana buƙatar gyara saboda makonni biyun guguwa. Zobba uku da na karanta rabi-rabi zan fitar da su daga jerin da zan aika. Na kuma roƙi manomin ya bar ni in sake kafa turaku a wurarensu a watan Satumba, ya amince, da sharaɗin in zo kafin ya fitar da shanu daga gona ta biyu.